Kakanki da Bai Dawo Daga Burma Ba: Ina Aka Rubuta Sunansa?

Tambaya: Malam, mahaifina ya haura shekara tamanin, bai taɓa ganin mahaifinsa ba. An ɗauke shi soja daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau lokacin yaƙin Hitila, kakarmu tana da ciki. Aka ce an kai su Burma, daga nan shiru. Kwanan baya wani ya ce mana akwai wani lambu a can da aka rubuta sunayen waɗanda suka mutu. Da gaske ne? Me ya haɗa mamaci da lambun furanni? Kuma yaya za mu yi mu san ko sunan kakanmu yana ciki?

Amsa: Malama, Allah ya jiƙan kakanki da rahama, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Wanda ya gaya muku bai yi ƙarya ba. Wurin yana nan, sunansa Maƙabartar Yaƙi ta Taukkyan, a arewacin birnin Yangon, wanda da ake kira Rangun, a ƙasar da yau ake ce wa Myanmar. Akwai kaburbura 6,374 na sojojin Yaƙin Duniya na Biyu a cikinta, 867 daga ciki ba a san ko na waye ba. A tsakiyarta kuma akwai dogon gini mai ginshiƙan dutse da aka sassaƙa wa sunayen mutum kusan 27,000, waɗanda suka mutu a yaƙin amma ba a samu gawarsu ba, ko aka binne su a daji kabarin ya ɓace. Sunayen mutanenmu suna nan da yawa, a kan kaburburan da kuma a kan ginshiƙan. Na daɗe ina bin tarihin waɗannan sojoji, na kuma taka wurin da ƙafata kafin juyin mulkin da soja suka yi a ƙasar a 2021, don haka bari in ba ki amsar da tsawonta.

Sai kin san hanyar da ta kai shi can za ki gane inda za ki neme shi. Bayan Japan ta ƙwace Burma daga hannun Birtaniya a 1942, sai Ingila ta juyo kan ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma tana neman mazaje. A Arewa ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai aka bi. Wasu sun kai kansu saboda albashi da kaki, wasu kuwa an ce wa dagaci ya kawo mutum kaza, ya kawo. A 1943 aka kafa manyan rundunoni biyu, Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, da sojoji daga Najeriya da Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da Saliyo da Gambiya. 'Yan Najeriya ne suka fi yawa. Ta 81 ce ta fara tafiya, a jirgin ruwa, ta zagaya ta ƙasan Afirka ta Kudu har Bombay, daga nan jirgin ƙasa ya ratsa Indiya da su. Mutumin da iyakar ruwan da ya sani shi ne kogin Galma, ya wayi gari ya yi makonni bai ga tudu ba.

Inda aka jefa su shi ne yankin Arakan, wanda yau ake kira Rakhine, musamman kwarin kogin Kaladan. Ƙasa ce ta duwatsu masu tsini da kurmin gora, mota ba ta shiga, alfadari ma da ƙyar. Abin da ya sa Turawa suka ga amfanin mutanenmu a nan shi ne dako. Kowace birged tana da rukunin sojojin da aikinsu ɗaukar kaya a ka: harsashi, abinci, rediyo, sassan igwa, da majinyata a kan makara. Da yawansu ba bindiga a hannunsu, sai adda. Da addar da gatari suka sare hanyar jif a cikin duwatsun nan mai tsawon mil saba'in da wani abu. Abinci kuwa daga sama ake sako musu da laima. Ki riƙe wannan maganar ta 'yan dako, don za ta yi miki amfani wajen bincike: ba kowane wanda aka ce “ya tafi soja” ne yake cikin bataliyar masu bindiga ba.

A irin wannan wuri mutuwa ba ta jira sai an yi arangama. Zazzaɓin cizon sauro da atuni da zazzaɓin da ƙwarin ciyawa ke sawa sun kwantar da mutane fiye da yadda harsashi ya kwantar. Wanda ya cika a kan hanya, abokansa su haƙa rami da sauri, in akwai mai ɗan karatu a cikinsu ya ja musu salla, a kafa gora, a wuce. Damina ɗaya ta Arakan ta isa ta shafe wannan alama. Wani kuma kogi ne ya tafi da shi, wani an yi musu kwanton ɓauna aka watse, ba wanda ya koma. Akwai wani ɗan ƙasar Owo mai suna Isaac Fadoyebo da aka harbe a bakin Kaladan a 1944 aka bar shi a matacce, wani manomi Musulmi na yankin ya ɓoye shi shi da wani ɗan Saliyo wata da watanni yana ciyar da su, har sojojinmu suka dawo suka same su. Shi Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba, ya dawo gida ya ba da labari. Ɗaruruwa irinsa ba su samu mai ɓoye su ba, su ne sunayensu ke kan ginshiƙan nan.

Tun da kin ce ƙasar Zazzau, akwai abin da kike wucewa ta gabansa wataƙila ba ki san labarinsa ba. Barikin Chindit na Zariya sunan wata runduna ce ta musamman da Janar Orde Wingate ya kafa, wadda ake sauke ta da jirage a bayan dagar Japanawa. An cire birged guda daga Runduna ta 81, bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta sojojin Najeriya, aka haɗa su da ita. Haka barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, da Letmauk a Ibadan, da Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, da Burma Camp a Accra, duk sunayen wuraren da aka gwabza ne a can. Myohaung tsohon birni ne da rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace a Janairun 1945. Abin da ke ci mini rai shi ne mun ajiye sunayen garuruwan da aka mutu, mutanen da suka mutu kuwa sai mutum ya je wata ƙasa kafin ya karanta nasu.

Ita Taukkyan ba nan mutanenmu suka yi yaƙinsu ba. Bayan yaƙi an bar ƙananan maƙabartu warwatse a wuraren da ba a iya kula da su, ga kuma rikicin cikin gida da ya ɓarke a Burma bayan ta samu 'yanci a 1948. Sai a 1951 aka fara tono gawarwaki daga maƙabartu huɗu, na Akyab da Mandalay da Meiktila da Sahmaw, ana tattaro su wuri ɗaya, aka ƙara da waɗanda aka samo a daji da gefen hanya. Akyab ita ce Sittwe ta yanzu, a bakin tekun Arakan, kusa da inda mutanenmu suka yi yaƙinsu. Ginin sunayen kuwa an buɗe shi ranar 9 ga Fabrairu, 1958.

Da sassafe na isa. A bakin ƙofa babbar hanya ce, motocin haya suna ta hon, masu talla suna kira. Taku kaɗan da shiga sai hayaniyar ta koma bayana. Ciyawa ce shimfiɗe kore shar, an aske ta daidai kamar darduma. Kaburburan ba su da tudu, ba su da dogon dutse a tsaye. Kowanne ɗan dutse ne gajere da bai kai gwiwa ba, an manna masa faifan tagulla, a jere sahu-sahu kamar masallata, tsakanin kowane biyu an dasa ɗan fure. Na tsaya na daɗe ina kallon wata mata cikin masu aikin wurin, da malafa a kanta, kumatunta shafe da farin kwaɓin nan da matan ƙasar ke shafawa saboda rana. Tana tsugune da ɗan almakashi tana datse ciyawar da ta taɓo gefen wani faifai, ta gama ta sa tsumma ta goge shi, ta matsa na gaba. Da ta yi nisa na je na duba wanda ta goge. Ɗan Najeriya ne, farabiti, sunan Musulmi, da sunan wani gari na Arewa a matsayin sunansa na biyu. Ba ta san yadda ake faɗin sunan ba, ba ta san inda garin yake ba. Mai yiwuwa danginsa ma ba su taɓa jin an yi masa kabari ba. Amma ga shi shekara saba'in ana share masa wuri.

A faifan Bature za ki ga lambarsa da muƙaminsa da shekarunsa, a ƙasa kuma ga 'yan kalmomin da uwarsa ko matarsa ta aiko a rubuta. A na mutanenmu galibi wannan wurin fayau yake, sau da yawa ko shekarun babu. Ba wanda ya je ƙauyen ya tambayi kakarki me take so a rubuta. A cikin zagayayyen ginin da ke tsakiyar ginshiƙan kuma an rubuta cewa waɗannan mutane sun mutu ne domin dukkan 'yantattun mutane, an rubuta da Turanci da harshen Burma da rubutun Indiya iri uku. Na zagaya ina neman Hausa ban gani ba, ba kuma wani harshe na Afirka. Alhali da Hausa aka yi wa dubban waɗannan sojoji fareti, da ita saje ke tsawa, hafsoshin Turawa ma sai da suka koye ta kafin su iya da bataliyoyin Najeriya. Wannan giɓi ne, kuma ban ga dalilin da zai hana gwamnatinmu ta nemi a cike shi ba.

Sai batun lambu. Wurin yana hannun Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashe Renon Ingila, wadda aka fi sani da CWGC. Wani Bature mai suna Fabian Ware ne ya assasa ta. A Yaƙin Duniya na Ɗaya yana jagorantar motocin ɗaukar majinyata a Faransa, ya ga ana binne samari barkatai ba mai rubuta inda aka sa su, sai ya fara rubutawa. A 1917 aikin ya zama hukuma. Suka kafa ƙa'idoji: kowane mamaci a ambace shi da sunansa, alamar ta zama mai ɗorewa, ta janar da ta farabiti su zama iri ɗaya, ba bambancin muƙami ko launi ko addini. Suka kuma hana a mayar da gawa gida, don kada mai kuɗi ya ɗauko ɗansa talaka ya bar nasa. Iyaye da yawa a Ingila sun yi kuka da wannan hani, maganar ta kai har majalisa a 1920, amma aka tsaya a kai.

To, idan ka hana uwa gawar ɗanta, ka ce zai kwanta a ƙasar da ba tasa ba har abada, dole ka nuna mata cewa ba yasar da shi ka yi ba. Daga nan lambun ya samo asali. Sun nemi shawarar masana tsirrai na lambun Kew da ke Landan, da wata shahararriyar mai tsara lambuna, Gertrude Jekyll, aka ce a yi wurin yadda mai ziyara zai ji sanyi a ransa, kada ya ji tsoro. A nawa ganin akwai hikimar da ta fi wannan. Dutse ana kafa shi a tafi, shekara hamsin ba wanda ya waiwaye shi. Fure kuwa in aka yi mako biyu ba ruwa, kowa zai gani. Wanda ya dasa lambu a kan kabari ya ɗaure kansa da zuwa kullum. Hukumar tana kula da sunayen mutum miliyan 1.7 a wurare kimanin 23,000 cikin ƙasashe fiye da 150, kuma ɗaruruwan ma'aikatanta masu ban ruwa ne da askin ciyawa. Kuɗin yana fitowa daga ƙasashe shida: Birtaniya, Kanada, Ostireliya, New Zealand, Afirka ta Kudu da Indiya.

Mutanen Yangon ma sun mayar da wurin wajen shan iska. Na ga ɗalibai da littattafansu a inuwar ginshiƙai, na ga saurayi da budurwa suna ɗaukar hoto. Da farko abin ya sosa mini rai, don mu a wurinmu maƙabarta ba wurin zama ba ce. Daga baya na lura yaran nan suna bin sunayen da yatsa suna ƙoƙarin karantawa, sai na sassauta.

Kada ki ɗauka ƙa'idar daidaiton nan an cika ta a kanmu. Ba a cika ba, kuma hukumar da bakinta ta amsa. A Afrilun 2021 wani kwamiti da ta kafa ya fitar da rahoto a kan mamatan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya gano mutum 45,000 zuwa 54,000, yawancinsu 'yan Afirka da Indiya, ba a yi musu irin abin da aka yi wa Turawa ba. Wasu aƙalla 116,000 kuma, ƙila ma su kai 350,000, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba. Mafi yawansu 'yan dako ne da aka kwasa zuwa yaƙin Afirka ta Gabas. Rahoton ya kawo maganar gwamnan Gwalkwas na lokacin, Guggisberg, wanda a 1923 ya ce wai talakan ƙasar ba zai gane amfanin dutsen kabari ba, ba kuma zai yaba ba. Da irin wannan magana aka bar kaburburan bayin Allah daji ya cinye. Sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya tashi a majalisa ya nemi gafara. Daga cikin gyaran da aka fara, a Janairun 2025 an buɗe wurin tunawa a wani tsohon lambu da ke tsakiyar birnin Cape Town, inda aka kafa turakun katakon iroko, kowanne da sunan mutum ɗaya, domin baƙaƙen lebura fiye da 1,700 da aka manta da su sama da shekara ɗari.

Abin da zai kwantar miki da hankali shi ne kakanki na yaƙi na biyu ne, kuma a lokacin rajistar soja ta fi ta farko inganci nesa ba kusa ba. Duk wanda aka ba lamba, ko ɗan dako ne, yana cikin littafi. Saboda haka ina kyautata zaton sunansa yana wani wuri.

Na san Baba zai tambaya ko wannan abu ya dace da addini, don tsofaffinmu ba sa son a mayar da kabari abin ado. Hadisi ya tabbata a kan hana shafe kabari da farar ƙasa da yin gini a kansa. Ya kuma tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗora dutse a kan kabarin Usman ɗan Maz'un don ya riƙa gane shi, yana kuma ziyartar shahidan Uhudu yana yi musu addu'a. Hukuncin furanni da rubutu a kan kabari na malamai ne, ku tambayi wanda kuka amince da iliminsa. Abin da ni zan shaida shi ne kaburburan Taukkyan a shafe suke da ƙasa, ba ƙubba ba ɗaki. Akwai babban gicciye a can gefe ɗaya saboda Kiristocin da ke kwance a wurin, akwai kuma sashen Musulmi. Ku dai ba ku kuka gina ba, ba kuma ado kuke nema ba. Kuna neman ku san inda naku ya kwanta da ranar da ya cika, ku yi masa addu'a da sunansa.

Yanzu ga yadda za ki nema. Hukumar ta sa dukkan sunayen a shafinta na intanet, kyauta, da wayar hannu ma ana dubawa. Wahalar ba ta shiga shafin ba ce, ta sunan ce. Ranar ɗaukar soja, magatakarda yakan tambayi mutum sunansa da garinsu, sai ya haɗa biyun su zama suna. Shi ya sa jerin ya cika da irin su wane Kano, wane Sokoto, wane Bauchi, wane Zaria. Sunan mahaifi sau da yawa ba ya shiga. Garin ma ba lallai ƙauyensu ba ne, yakan zama babban garin da ke kusa, ko inda aka ɗauke shi, ko sunan ƙabilarsa. Wasu kuma da gangan suka ba da wani suna, musamman wanda ya gudo daga gida ba da sanin iyaye ba. Ga rubutun Bature a kai: Muhammadu yakan koma Momadu ko Mama ko Momo, Abdu ya koma Audu ko Awudu, Garba ya koma Garuba, Yusufu ya koma Yesufu, Ibrahim ya koma Braima. Ki gwada kowanne, ki juya su, na farko ya koma na biyu. Ki gwada sunan rana da laƙabi ma, irin su Ɗanladi, Ɗanjuma, Tanko, Dogo, Gajere, don da yawa da sunan da ake kiransu a gida aka rubuta su.

Abin da ke yanke gardama shi ne lambar soja. Ta 'yan Najeriya tana farawa da haruffan NA, ta 'yan Gwalkwas da GC. Ki sa a bincika tsohuwar adakar kakarki, ko wurin wanda ya gaji kayanta. Wasiƙa, takardar kuɗin da ake aiko wa matan soja, lambar yabo mai rubutu a gefe, ko wani guntun kati da aka naɗe a tsumma ba a san amfaninsa ba, kowanne yana iya ɗauke da ita. Na taɓa zama da wasu mutane da suka yi shekaru suna nema a banza, ashe lambar tana bayan wani tsohon hoto da ke rataye a zaurensu, an rubuta da fensir. In babu lamba, sai ki rage yawan sunayen da abin da kika sani. A wurin runduna ki rubuta Nigeria Regiment. In bai fito ba ki bar wurin fayau ki sa West African kawai, don akwai masu igwa da injiniyoyi da direbobi da ma'aikatan asibiti da rukunin 'yan dako, kowanne da sunan rundunarsa. Shekarar haihuwar Baba ma hujja ce: tun da an tafi da cikinsa, kin san mutuwar ba ta riga wannan lokacin ba.

Kada ki tsaya a Taukkyan kaɗai. Wanda ya ji rauni ko ya kwanta ciwo aka kai shi asibitin baya, yana iya kasancewa a maƙabartar Chittagong ko ta Maynamati kusa da Comilla, duka a Bangladesh ta yau, kuma duka akwai 'yan Afirka ta Yamma a ciki. Wasu sun rasu a Indiya suna jiran jirgin komawa gida, don da yawa ba su dawo ba sai 1946. Hukumar tana lissafa duk wanda ya mutu yana soja daga 3 ga Satumba, 1939 har 31 ga Disamba, 1947. In kuma tafiyar tasa ta riga 1943, to wataƙila ba Burma aka fara kai shi ba. Sojojin Najeriya sun yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha a 1941, waɗanda ba a samu kabarinsu ba a can sunayensu suna Nairobi. A ƙauye duk wanda ya tafi yaƙin nan akan ce Burma ya tafi. Wanda kuma ya rasu tun a gida, a bariki ko wurin horo, akwai allon sunaye na hukumar a Maƙabartar Sojoji ta Ƙasa da ke Abuja, a hanyar filin jirgi. Wannan kam Baba zai iya zuwa da ƙafarsa.

Idan kin samu suna biyu ko uku da suka yi kama, kada zumuɗi ya sa ki ɗauki ɗaya ki kai wa tsoho. Ki rubuta wa hukumar ta shafin nasu, suna amsawa. Ki je ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya na jiharku, ki kuma leƙa Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin lardin Zariya na zamanin Turawa suke, a duba na ɗaukar soja da na kuɗin iyalan mamata. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta riƙa kawo labarin yaƙin da na sojojin, tsofaffin kofenta abin dubawa ne. In an dace, shafin zai ba ki ranar rasuwa da bataliya, da lambar kabari ko lambar fuskar ginshiƙin da sunan yake. Da ranar da bataliyar, mai bincike zai iya gaya miki kusan a wane kwari suke a wannan makon, da abin da ya same su. Zuwa Myanmar kuwa ban ba ki shawara yanzu ba, ƙasar tana cikin yaƙi, Rakhine ma ta fi ko'ina. Hoton faifan ko na ginshiƙin ya wadatar, kuma ana samun masu ɗaukowa.

Akwai abin da tambayarki ta tayar mini wanda ba zan haɗiye ba. Kowace shekara ranar 15 ga Janairu muna bikin tunawa da 'yan mazan jiya, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Manya su ajiye furanni a gaban mutum-mutumin sojan da ba a san sunansa ba, a saki tantabaru, a watse. Amma namu sojojin an san sunansu. Waɗanda suka kwanta a Laberiya da Saliyo, da samarin da ake binnewa a Maiduguri shekara goma sha, kowanne yana da uwa da lamba da garinsu. Ina so in ga ranar da kowace jiha za ta ware fili, ba sai da kabari a ciki ba, a dasa maɗaci da tsamiya da darbejiya waɗanda za su jure rani, a haƙa rijiya, a yi bango a rubuta sunan kowane ɗan jihar da ya mutu a bakin daga tun daga 1914, da boko da ajami, da sunan ƙauyensu na gaskiya. A kuma sa albashin mai ban ruwa a cikin kasafi tun ranar farko, don ginin ba shi ne mai wuya ba. Marayan soja ya samu inda zai kai ɗansa ya nuna masa da yatsa.

Kafin ki taɓa waya ki fara binciken nan, ki je ki zauna da Baba da duk wata tsohuwa da ta rage a dangin, gwaggo ko inna ko matar amininsa. Ki kunna rikoda. Ki tambaye su da wane suna ake kiransa a gida, wane ne dagaci a lokacin, da rani aka tafi da su ko da kaka, su wa suka tafi tare, wa ya dawo, kuma wanda ya dawo me ya ce da kakarki ranar da ya shigo gaisuwa. Jikokin wannan da ya dawo ki neme su, sau da yawa mutanen gari ɗaya lambobinsu a jere suke, ta kakansu tana iya kai ki ga ta naku. Abin da kika samo ki aiko mini, da sunan ƙauyen da shekarar haihuwar Baba, mu duba tare. Ki gaishe mini da shi.